Yaya zan haɗa kallon fim tare da 'yan gidanmu alhali kowa na garinsa?

Nasiru Gyallesu: Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Shawara nake nema, a yi haƙuri da tsawon bayanin. Mu biyar ne a ɗakinmu. Da muna yara, duk daren Juma'a bayan Isha'i Baba kan sa a fito da talabijin tsakar gida, a shimfiɗa tabarma, a sa kaset, Mama ta soya gyaɗa. Yau shekara uku da rasuwarsa. Yaya Hadiza tana aure a Kano, Yaya Umar yana aiki a Abuja, Sadik yana karatu a Ingila, ni da auta kaɗai muka rage wajen Mama a Zariya. Watan jiya muka gwada dawo da kallon nan. Muka kira juna ta WhatsApp, kowa ya buɗe fim ɗin a wayarsa, na ƙirga ɗaya, biyu, uku, muka danna. Ba a yi minti goma ba Yaya Hadiza tana dariyar abin da mu ba mu kai ba, shi kuma Sadik yana can baya. Mama ta ce a bari kawai. Yadda ta faɗa ɗin ya tsaya mini a rai. Ina da tsohuwar laftof da ba na amfani da ita, da had disk mai tera 1 cike da bidiyon bukukuwan gidanmu da finafinan da muka saya a faifai. An ce mini ana iya mayar da laftof ɗin saba, wato kwamfutar da ke riƙe da fayiloli tana miƙa wa sauran na'urori, kowa ya shiga daga inda yake, fim ya riƙa tafiya daidai ga kowa. Da gaske ne? Ta ina zan fara?

Injiniya Sani Samaru: Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan Baba, ya sa ya huta. Da gaske ne ƙanena, kuma abin da kake nema sunansa Jellyfin. Manhaja ce kyauta, ba rajista, ba biyan wata. Daga wata manhaja irinta mai suna Emby aka cire ta a ƙarshen 2018 lokacin da masu Emby suka rufe lambobin manhajarsu, wasu suka ɗauki na baya suka ci gaba da shi a buɗe. A 2020 suka ƙara mata wani sashe mai suna SyncPlay. Kai za ka buɗe rukuni, 'yan uwanka su shigo, idan mutum ɗaya ya tsayar, ya tsaya wa kowa, idan ya ja gaba, kowa ya bi. Ka sa ta a laftof ɗin, ka nuna mata jakar da finafinan suke, ka buɗe wa kowa asusunsa da kalmar sirrinsa. A cikin gida, duk wayar da ke kan rauta ɗaya da laftof ɗin za ta gan ta idan ka rubuta adireshin laftof ɗin a burauza ka ƙara 8096 a ƙarshe. Wannan aikin rabin awa ne. Wahalar tana wajen fitar da shi daga gida zuwa Kano da Ingila. Wane irin intanet kake da shi?

Nasiru Gyallesu: Amin, na gode Injiniya. Ƙaramar rauta ce irin mai layin waya a ciki, nakan sa mata data duk wata.

Injiniya Sani Samaru: To a nan gizo ke saƙar. Kamfanonin layin waya ba sa ba kowa adireshin IP nasa shi kaɗai. Mutane da yawa ake haɗawa a bayan adireshi ɗaya, abin da ake kira CGNAT. Kamar gidan haya ne mai ɗakuna ɗari da ƙofar zaure ɗaya: kai kana iya fita ka sayo abu ka dawo, amma baƙon da ya zo daga waje bai san ɗakin da zai ƙwanƙwasa ba. Saboda haka duk bayanin da za ka gani na cewa ka buɗe ƙofa a rautarka, a wajenka ba zai yi aiki ba. Kada ka ɓata dare a kansa. Mafita ita ce Tailscale. Za ka sa ta a laftof ɗin, kowannensu ya sa a na'urarsa, sai ta haɗa ku a wata keɓaɓɓiyar hanya kamar duk kuna gida ɗaya. A kan fasahar ɓoye bayanai ta WireGuard aka gina ta, duk abin da ke bi ta ciki a rufe yake, kuma tsarinta na kyauta ya isa amfanin gida.

Abba PZ: Me ya sa ba zai yi amfani da Plex ba kawai, tunda ita ma manhaja ce irin Jellyfin? Ita na fi ganin mutane da ita, kuma ta fi kyan fuska.

Injiniya Sani Samaru: Da can da sai in ce masa haka, Abba. Amma tun watan Afrilun 2025 kallon fayilolinka daga wajen gida a Plex ya koma na kuɗi, kuma da dala. Ga mutumin da ya riga ya sha nauyin data, ban ga dalilin ƙara masa wani ba.

Zainab Hanwa: Ranka ya daɗe Injiniya, duk abin da ka faɗa daidai ne, amma ina da ja a kan tushen shawarar, ka yi mini afuwa. Ba wanda ya yi lissafin data tukuna. Malam Nasiru, ɗauki alƙalami. Bidiyon da ke tafiya a kan megabit 2 a daƙiƙa, wanda matsakaici ne, yana cin mega 900 a awa ɗaya. Fim ɗin Indiya na awa uku ya zama giga 2.7 ga mai kallo ɗaya. Kana da mutum uku a waje. Su kowa zai ci 2.7 ɗinsa, kai kuma rautarka za ta tura sau uku, giga 8.1 a dare ɗaya. Duk Juma'a kuwa, ya haura giga 32 a wata kafin ka buɗe komai naka. Wannan ɗaya ke nan.

Na biyu ya fi damuna. Mutum uku a kan megabit 2 na nufin rautarka ta riƙa turawa da megabit 6 ba yankewa har awa uku. Gudun da kamfanoni ke talla da shi na saukewa ne, turawa kullum ta fi rauni. Kuma ƙarfe tara na dare a Zariya, lokacin da kowa ya dawo gida ya hau waya, shi ne lokacin da netwok ya fi nauyi. A SyncPlay idan na mutum ɗaya ya tsaya yana juyi, sauran sai su jira shi. Wato mai raunin netwok shi ne limamin kowa. Ni na gwada da ƙawayena lokacin da aka yi dogon hutun makaranta, mu huɗu, biyu a Samaru, ɗaya a Funtua, ni a Hanwa. Fim ɗin awa biyu sai da ya kai mu sha biyu saura, rabin lokacin muna kallon da'irar nan tana zagaye.

Nasiru Gyallesu: Innalillahi. Giga 8 a dare ɗaya ya fi ƙarfina gaskiya. To Malama Zainab ke nan in haƙura?

Zainab Hanwa: A'a, kada ka haƙura. Akwai wata manhajar daban, sunanta Syncplay, suna iri ɗaya da wancan sashen amma ba abu ɗaya ba ne. Ita ba ta tura fim ko kaɗan. Kowa zai riga ya mallaki fayil ɗin a kwamfutarsa, ya buɗe shi da manhajar kunna bidiyo ta VLC ko mpv, ita kuma abin da take aikawa tsakaninku bai wuce "muna minti kaza, an tsaya, an ci gaba" ba. Ɗan saƙon nan ko netwok mai rarrafe zai ɗauke shi. Ku zaɓi sunan ɗaki ɗaya, ku shiga, ta nuna muku ko fayil ɗin kowa girmansa da tsawonsa ɗaya ne, kowa ya danna alamar ya shirya, sai a fara. Fayil ɗin kuma ka tura musu tun ranar Laraba, da tsakar dare lokacin garaɓasar data, ko ka ɗora shi sau ɗaya a Google Drive kowa ya sauke. Turawa ɗaya maimakon uku, kuma ba a daren kallon ba.

Injiniya Sani Samaru: Zainab, lissafinki ba kuskure, Allah ya yi albarka. Amma kin manta da waɗanda za su yi kallon. Syncplay don kwamfuta aka gina ta. Nasiru, Yaya Hadiza tana da laftof?

Nasiru Gyallesu: Ba ta da ita. Waya ce kawai. Yaya Umar da Sadik suna da ita.

Injiniya Sani Samaru: Kin gani. Matar aure da yara, za a ce ta nemo kwamfuta, ta sauke VLC, ta sauke fayil, ta tabbatar sunansa bai canza ba. Sati biyu za ta yi ta gaji. A Jellyfin kuwa ta buɗe waya, ta danna, ta shiga rukuni. Tsarin da 'yan gida ba za su iya riƙewa ba, ko ya fi arha, zai mutu. Batun data kuma yana da magani. Wa ya ce sai megabit 2? A waya, hoto mai ƙaramin girma na 480p a kan megabit 1 ko ƙasa da haka yana fita tsaf. Bidiyon bikin da aka ɗauka a kaset tun asali ma bai wuce wannan ba. Ya sa HandBrake, kyauta ce, ya matse finafinan tun kafin ranar, a fasalin H.264 wanda kusan kowace waya ke karantawa. Awa uku a megabit 1 giga 1.35 ne, sau uku ya zama kamar giga 4. An rage rabi.

Kuma matsewar nan tana da wani amfani da ya fi na data. Idan wayar mai kallo ba ta gane fasalin fayil ba, ko netwok ɗinsa bai kai ba, Jellyfin takan shiga sauya bidiyon nan take tana turawa. Wannan aiki ne mai cin ƙarfin kwamfuta sosai. Tsohuwar laftof ta yi wa mutum uku haka lokaci ɗaya, za ka ji fankarta na kuka, ta yi zafi, hoto ya riƙa sarƙewa. Idan kuwa ka riga ka matse, aikinta miƙa fayil ne kawai, ko laftof ɗin shekara goma za ta yi.

Zainab Hanwa: Na yarda da batun waya. Amma ranka ya daɗe akwai abu ɗaya game da Tailscale da ya kamata ya sani. Tana ƙoƙarin haɗa na'urori biyu kai tsaye, amma idan duka ɓangarorin suna bayan CGNAT, kamar shi a Zariya da Yaya Hadiza a kan layin waya a Kano, wani lokacin haɗin kai tsayen ba ya yiwuwa, sai ta bi da su ta sabobinta na tsakiya. Zai yi aiki, amma gudun ya ragu. Ya gwada da kowannensu ɗaya bayan ɗaya da rana kafin ya tara mutane ya tara Mama.

Injiniya Sani Samaru: Wannan gaskiya ne, na karɓa.

Abba PZ: Ni ta fannin ƙarfe zan yi magana tunda shi ne sana'ata. Malam Nasiru, kada kowa ya ruɗe ka ka sayi 'yar ƙaramar kwamfutar nan Raspberry Pi. Yana da kyau, amma ba shi da batir, ana ɗauke wuta ya mutu nan take, kuma yawan mutuwar nan na lalata memorin da yake tashi da shi. Laftof ɗinka ta zo da batirinta. Abin da zan ce ka duba: in batirin ya kumbura, ka ga madannai sun ɗago ko ƙasanta ya yi tudu, cire shi yau, kada ka bar shi a caji. Sannan ka shiga saitin wuta ka hana ta barci idan an rufe murfi, don wannan shi ne abin da ya fi kama sababbi, su rufe laftof su ce saba ta lalace. Ga hunturu na tafe, ka san ƙurar Zariya. Kada ka ajiye ta a ƙasa ko kan katifa. Ɗora ta a kan tebur, ka sa wani abu ya ɗaga bayanta iska ta shiga, ka riƙa busa fankar. Rautar ma ka nema mata fawa bank, in ba haka ba laftof na kunne amma ba hanyar fita. In kana da sola ko inbata a gida shi ke nan, laftof a zaune ba ta cin wuta sosai.

Finafinai kuma kada ka damu, kawo had disk ɗin shago in cika maka shi da sababbi, na Hausa da fassara, har na wannan watan.

Auwal Tudun Wada: Abba, da girmamawa, a nan ne zan tsaya maka. Ni tace hoto nake yi, na yi aiki da masu shirya fim, na san yadda ake haɗa kuɗin nan. Wani filinsa yake sayarwa, wani bashi yake ci. Fim ya fito yau, gobe yana cikin had disk ɗari a kasuwa, wanda ya yi shi bai ga sisi ba. Tura finafinai a waya na cikin abin da ya kashe kasuwar faifai, shi ya sa da yawa suka koma dogon zango a YouTube, ko ba komai talla na kawo musu wani abu. Malam Nasiru yana son haɗa zumunci, kada a zuba masa haƙƙin mutane a ciki.

Abba PZ: Malam Auwal, ni ma ba na son cin haƙƙin kowa. Amma faɗa mini inda talaka zai je a Sabon Gari yau ya sayi sabon fim na halal a faifai. Ba a bugawa. Mutane suna son kallo, hanyar saye ta toshe, sai suka zo wajenmu. Ban ƙirƙiro matsalar ba, a cikinta na tashi.

Auwal Tudun Wada: Na san ba kai ka ƙirƙiro ba, kuma na san da ita kake ciyar da gida. Amma toshewar hanya ba ta mayar da kayan wani naka. Wanda aka saka a YouTube, a kalle shi a can, mai shi ya samu. Ko a kallon tare ma, Syncplay tana iya buɗe mahaɗin YouTube ta mpv, kodayake ban sani ba ko hakan na shiga lissafin mai tashar, don haka ni na fi son kowa ya buɗe a manhajar YouTube ɗin kanta.

Nasiru Gyallesu: Malam Auwal ka kwantar da hankalinka. Abba na gode da tayin, amma abin da ke hannuna ya ishe mu shekara. Mafi yawa ma namu ne: bikin Yaya Hadiza, saukar karatun Sadik, sunan 'ya'yan Yaya Umar, da Hawan Daushe na shekaru daban-daban da Baba ya riƙa sa a ɗauka masa. Mama ta fi son waɗannan a kan kowane fim.

Hajiya Rabi Ƙofar Doka: Ni ban san kan na'urorin nan ba, ɗana ne ya sa ni a zauren nan don in riƙa tambaya idan wayata ta rikice. Amma na karanta tun daga sama, kuma Nasiru ina so ka ji ta bakin uwa. Mamanku ba fim ɗin take so ba. Muryoyinku take so ta ji kuna gardama a kan wane ne wancan a bayan ango, wace shekara aka yi kaza. Duk abin da za ku haɗa, ku bar kiran waya a buɗe a gefe. Kuma ka tambaye ta tun da rana wanne take so a sa, kada ka zaɓa mata. Sannan wanda akwai mahaifinku a ciki, ka gaya mata kafin ka kunna, kada ya zo mata ba shiri. Ni ya taɓa faruwa da ni a gidan biki, aka sa tsohon faifai, sai ga maigidana yana raba goro. Ban iya tashi daga wurin ba.

Nasiru Gyallesu: Allah ya jiƙansa Hajiya. Wallahi ban yi wannan tunanin ba. Na gode ƙwarai.

Zainab Hanwa: Amin. A kan kiran da Hajiya ta ce, waɗanda ke waje su sa abin kunne, in ba haka ba sautin fim ɗin kowa zai riƙa dawowa ta cikin kiran, ya zama hayaniya. Ku na gida tunda kuna da yawa, ku rage ƙarar talabijin ku ajiye wayar kusa da Mama. Kuma kira na murya kawai, ban da bidiyo, don kada ya yi kokawa da fim ɗin a kan hanya ɗaya. Batun lokaci kuma, daga ƙarshen Maris zuwa Oktoba Ingila da mu agogo ɗaya ne, amma daga Lahadin ƙarshe na Oktoba za su koma baya da awa ɗaya har ƙarshen Maris. Taranku za ta zama takwas ɗin Sadik, ka tuna masa.

Injiniya Sani Samaru: Ƙari ɗaya. Ba kowace manhajar Jellyfin ta talabijin ce ke da SyncPlay ba. Don haka a gida kada ka wahalar da kanka, haɗa laftof ɗin da talabijin da wayar HDMI, ka buɗe a burauza. Ku na gida ba za ku ci data ko ɗaya ba a wajen kallon.

Nasiru Gyallesu: Jama'a na dawo da rahoto, yau Asabar. Na bi ta tsakiya. Na sa Jellyfin da Tailscale, na matse bidiyon zuwa 480p kamar yadda Injiniya ya ce. Ranar Laraba na gwada da kowa shi kaɗai kamar yadda Malama Zainab ta ce. Na Sadik da na Yaya Umar sun tafi lafiya, na Yaya Hadiza ne ya riƙa tsayawa, sai da na ƙara matse shi sannan ya daidaita. Batirin laftof ɗin kuwa Abba, a kumbure yake, na cire, yanzu a kan inbata take.

Jiya da rana na tambayi Mama, ta ce bikin Yaya Hadiza. Na gaya mata Baba yana ciki, ta ce ta sani, shi ya sa. Bayan Isha'i muka shimfiɗa tabarma a tsakar gida, auta ta soya gyaɗa. Sau biyu ya tsaya muka jira Kano, ba wanda ya damu, hira ake yi. A minti na 41 aka nuno Baba a ƙofar gida cikin farar babbar riga, yana riƙe da hannun Sadik, lokacin bai fi shekara shida ba. Mama ta ce a tsayar. Kafin in kai hannu hoton ya tsaya, ashe Sadik ne ya danna daga can. Muka yi shiru a layi, ba ka jin komai sai kukan jaririn Yaya Hadiza. Da Mama ta share fuska ta ce a mayar baya kaɗan, ya mayar, muka sake gani. Sau uku.

Data giga 2 da ɗan wani abu ta tafi, awa biyu muka yi. Zan iya ɗauka. Juma'a mai zuwa Hawan Daushe za a sa.

Tambayata yanzu: akwai kaset bakwai na VHS a akwatin Baba da ba a taɓa juyawa ba, biyu sun fara yin fari-fari a jikin zaren. Malam Auwal, wannan yana gyaruwa?

Auwal Tudun Wada: Fumfuna ce, daminar da ta wuce a akwati. Kada ka sa su a kowace na'ura tukuna, za su ɓata kan na'urar su kuma ƙara lalacewa. Fito da su daga akwatin ka ajiye a wuri busasshe, ba cikin rana ba, ka ware biyun nan daga sauran biyar ɗin. Ka yi mini magana ta akwatin sirri, ranar Litinin bayan La'asar ina shago, ka zo da su in gani.